Mako Bakwai Ba Barci: Nazarin Lamarin Wata Ɗaliba a Kaduna

Ni malama ce mai ba ɗalibai shawara a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a cikin garin Kaduna. Abin da zan bayyana ya faru ne da wata ɗalibarmu 'yar aji uku na ƙaramar sakandare, mai shekara 14. Da yardarta da ta iyayenta na rubuta, kuma na cire duk abin da zai sa a gane gidansu. Auta suke ce mata a gida, ni ma haka zan kira ta.

Ba da sunan matsalar waya aka kawo min ita ba. Barci ne ya kawo ta. Sau uku a mako guda malamar lissafi na kama ta ta kifa kai a benci. An sa ta durƙuso, an sa ta shara, ba abin da ya canja. Yarinyar da tun aji ɗaya ba ta taɓa wuce ta biyar ba, sai ga ta ta faɗi gwaji biyu a jere, ga jarrabawar gama aji uku tana tafe. Ranar da ta fara shigowa ofishina ana tsakiyar hunturu, hijabin jikinta ya yi mata yawa kamar na aro, idanu sun zurma. Na ce me ke damunki, ta ce ciwon kai. Na ce ƙarfe nawa kike kwanciya, ta ce da an yi isha'i. Na yi mata nasiha kan muhimmancin karatu, na sallame ta. Kuskurena na farko ke nan, kuma mako biyu ya ƙara mata a cikin wahala.

A gida ma ba a zauna ba. An kai ta kemis an ce maleriya, an sha magani. An koma an ce taifot, har da ƙarin ruwa leda biyu. Daga baya ta fara firgita cikin dare, ta daina cin abinci, tana kuka ba wanda ya taɓa ta. Kakarta ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, gamo ta yi. Aka kira malami ya yi ruƙiyya, aka kawo rubutu da turaren hayaƙi. Ba na raina addu'a, ni ma da ita nake kwana da tashi. Amma Ummanta ta gaya min daga baya cewa ta lura duk sanda waya ta yi ƙara a ɗakin, ko ta wane ne, sai yarinyar ta zabura. Ta gani, ba ta haɗa shi da komai ba.

Ana cikin haka kuɗi suka fara ɓata a gidan. Umma uwar adashi ce, tana ajiye zubin mata a cikin wata langa a saman kwaba. Aka nemi dubu biyar aka rasa, bayan kwanaki aka nemi dubu goma. Akwai almajirin da ke musu wanki da aike, yaro ne da bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya kai shekara biyu a gidan. Aka tsare shi, ya rantse, ba a yarda ba, aka sallame shi.

Yadda abin ya fito

Ƙawarta da suke benci ɗaya ce ta zo ta same ni, tana ta waige-waige. Ta ce wani shafi da ba ta sani ba ya turo mata saƙo da daddare, ya ambaci sunan Auta, ya ce yana da abin da zai nuna mata. Na aika aka kira Auta. Wannan karon na rufe ƙofa, na bar kujerata na dawo kusa da ita, na ce: "Ba don hukunci na kira ki ba. Akwai wanda yake tsorata ki a waya?"

Ta daɗe tana kuka kafin ta iya magana. Da ta buɗe baki, abin da ta fara cewa shi ne: "Malama, don girman Allah kar ki gaya wa Abba. Wallahi kashe ni zai yi."

Na riƙe wannan magana, don a ganina ita ce gaba ɗayan lamarin. Ba ta ce in cece ta daga mutumin ba. Daga gida ta nemi in cece ta.

Wayar tsohuwar Android ce ta Yayanta, gilashi a fashe. An ba ta ne don zauren WhatsApp na islamiyya, inda ake tura karatun hadda, da kuma aikin gida na boko. Layin da sunan Umma aka yi masa rajista. Da kanta ta buɗe shafi a TikTok, ta ƙara wa kanta shekaru wajen cike ranar haihuwa, kamar yadda kusan duk 'yan ajinsu suka yi. Ƙa'idar yawancin waɗannan dandali ita ce shekara 13, amma ƙa'idar da yaro ne zai faɗi shekarunsa da bakinsa, ai sunanta ƙa'ida kawai. Ba rawa take yi ba, ba waƙa ba. Zanen lalle take sakawa, wanda take yi wa ƙawaye da 'yan'uwa, kuma ta iya ƙwarai.

Nan wata "Anti" ta same ta. Shafi ne mai hotunan abaya da mayafai, wai shagonta na Kano. Ta yaba lallen, ta ce hannun yarinyar nan akwai albarka. Bayan kwana biyu ta karɓi lambarta suka koma WhatsApp. Ta tura mata datar ɗari biyar, ta sake turawa. Tana tambayarta makaranta, islamiyya, sana'ar Abba, sunayen ƙawaye. In Umma ta yi mata faɗa, Anti ce ke lallashi. Auta ta ce min: "Ita kaɗai ce take tambayata ya na wuni." Kusan wata guda aka yi haka ba a nemi komai a wurinta ba. Mai kamun kifi ba ya gaggawar jan ƙugiya.

Hirar duk ta dare ce. Datar dare ta fi araha, gida ya yi tsit, tana lulluɓe cikin bargo da waya. Sai Anti ta ce tana neman 'yan mata masu tallar kaya, za ta aiko mata da abaya kyauta, amma sai ta ga tsayinta da jikinta don kar a aiko wadda ba ta yi ba. Hoto da hijabi, sannan ba hijabi, sannan da kayan zaman gida. Uku ta tura. Washegari da dare aka dawo mata da hoto na huɗu wanda ba ita ta ɗauka ba: fuskarta ce, ɗakinta ne, amma an yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira an haɗa mata jikin da ba nata ba. Bayansa saƙon murya ya biyo, muryar namiji. Ya lissafo mata sunan makarantarmu, sunan malamin islamiyyarsu, layin da shagon Abbanta yake a kasuwa. Ya ce dubu biyu kafin azahar.

Ta biya. Ta hannun mai POS na bakin layinsu take turawa. Ta fara da kuɗin tara, ta sayar da 'yan kunnenta, sannan ta kai ga langar Umma. Cikin mako bakwai ta tura naira 41,000. Duk biya ɗaya yana sayo mata shirun kwana uku ko huɗu, sannan farashi ya hau. Ya kafa mata sharaɗin in ya yi magana ta amsa cikin minti biyar, ko ƙarfe nawa ne. Barcin benci ke nan. Da muka lissafa tare, ba ta samun fiye da awa uku a dare, alhali mai shekarunta na buƙatar takwas zuwa goma.

Mu a nan mun saba jin irin wannan a matsayin abin da 'yan damfararmu ke yi wa Turawa. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke da alaƙa da wannan sana'a ta tatsar kuɗi da barazanar tona asiri. A Satumban shekarar kuma wata kotu a jihar Michigan ta Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani yaro mai shekara 17 da suka matsa wa ya kashe kansa a 2022. Muka karanta, muka ce Allah ya kyauta, kamar wutar a maƙwabta take. Wanda ya kama Auta kuwa Hausa yake yi tsantsa, har da karin magana. Ya san abin da kalmar "abin kunya" take nufi a gidan Bahaushe, kuma da ita ya yi jari. Ba ya buƙatar dala. Dubu biyu-biyu daga yara da yawa ta ishe shi.

Ranar farko

Ban yi mata alƙawarin yin shiru ba, don ba zan iya cikawa ba. Abin da na ce shi ne ba wanda zai ji sai da saninta, kuma ita za ta zaɓi wanda za a fara gaya wa. Ta zaɓi Umma, da sharaɗin ina wurin.

Kafin in kira Umma na yi mata tambayar da malamai da yawa ke gudu. Na ce: "Kin taɓa jin gara ki mutu?" Ta sunkuyar da kai ta ce kullum, musamman bayan an kori almajirin. Mutane na tsoron wai tambayar ce za ta sa wa yaro tunanin. Ba haka ba ne. Tunanin yana nan ko an tambaya ko ba a tambaya ba, tambayar ƙofa kawai take buɗewa. Daga wannan amsa na san ba za a bar ta ta kwana ita kaɗai ba, kuma maganar ta wuce ofishina.

Umma ta zo a Keke Napep, mayafi a karkace. Da ta gama ji ta yi salati, ta fizgi wayar za ta maka da ƙasa. Na riƙe hannunta. Na ce: "Hajiya, duk shaidarmu tana cikin nan." Iyaye kusan duka haka suke yi: a fasa waya, ko a goge komai don kar ido ya sake gani, sannan a juya kan yaron. In an yi haka an share sawun ɓarawo, an kuma tabbatar wa yaron cewa tsoron da ya hana shi magana gaskiya ne.

Muka zauna mu uku muka ɗauki hoton hirar tun daga farko, da lambar wayarsa, da sunan shafin, da lambar asusun da ake tura kuɗin. Hoton ƙaryar kansa ba mu tura wa kowa ba, ko a tsakaninmu. Ashe Auta ta adana duk rasit ɗin POS a aljihun jakar islamiyyarta, guda tara, a ninke. Na ce me ya sa kika ajiye? Ta ce don ta san nawa za ta biya Umma in ta girma. Nan Umma ta fashe da kuka, ta jawo ta jikinta. Daga ranar aka daina biya, aka daina amsa masa, aka kai ƙarar shafin, aka toshe shi.

Abba

Shi ne aikin da ya fi wuya. Ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, mutum mai kamewa, wanda ake kira sulhu a unguwa. A ofishin shugabar makaranta muka zauna da shi, ba tare da yarinyar ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya juya ga matarsa ya ce: "Ai sai da na ce kar a ba ta waya." Sannan ya ce karatun ya isa haka, zai cire ta, in ya so a san abin yi.

Ban yi masa musu kan wayar ba. Na roƙe shi ya bari in karanta masa saƙonnin mutumin. Na karanta a hankali. "Zan tura wa Abbanki." "Bari Abbanki ya gani." "Kin san abin da Abbanki zai yi miki." Na ƙirga tun a gida, sau goma sha ɗaya ya ambace shi. Na ce: "Alhaji, ka yi min afuwa. Mutumin nan ba shi da bindiga, bai san ƙofar gidanka ba. Hoton ma na ƙarya ne. Da sunanka ya riƙe ta mako bakwai. Ranar da ta tabbata ba za ka juya mata baya ba, ba shi da sauran abin riƙewa."

Bai ce komai ba. Aka kira azahar ya fita masallaci. Da ya dawo ya ce a ba shi takardun, zai kai ƙara da kansa.

Ba zan ce ya rungume ta a ranar ba, don bai yi ba. Kwana uku bai yi mata magana ba, amma bai ɗaga mata hannu ba, ya kuma hana Yayanta da ya so yi. A dare na huɗu ya shigo da tsire a takarda, ya tsaya a ƙofar ɗakin Umma ya ce: "Mamana, zo ki ci." Sunan mahaifiyarsa gare ta. Umma ta ce a daren ne ta fara barci har aka yi kiran assalatu ba ta motsa ba.

Ta fuskar doka akwai abin kamawa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yaudarar yaro ta intanet don lalata, da haɗa ko yaɗa hoton batsa na wanda bai kai 18 ba, da yi wa mutum barazana don karɓar kuɗi. Jihar Kaduna na da dokarta ta walwala da kare yara tun 2018, kuma rundunar 'yan sanda na da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja. A takarda ke nan. A ofishin da aka fara kai ƙarar, jami'in da ya karɓe su tambayar farko da ya yi ita ce me ya kai yarinya tura hoto. Sai da aka haɗa su da wata jami'a mace kafin aka ɗauki bayanin yadda ya kamata. Asusun da aka bi ya nuna sunan wani dattijo a wata jiha, wanda bai ma san an buɗe shi da bayanansa ba. Har yau ba a kama kowa ba.

Kuma daina biya ba ya nufin an tsira nan take, kar in yi wa iyaye ƙarya. Ya buɗe sababbin shafuka ya ci gaba da barazana kusan kwana goma, ya kuma tura hoton ga 'yan ajinsu biyu. Sa'ar da muka yi ita ce mun riga shi. Shugabar makaranta ta riga ta tara ajin, ba tare da ambatar suna ba, ta gaya musu akwai mai haɗa hotunan ƙarya na ɗalibai, duk wadda ta samu ta kawo ofis, wadda ta tura gaba kuma ta shiga laifin da shi ya shiga. Duka biyun suka kawo. Mun kuma yi amfani da Take It Down, wani shiri na kyauta da wata cibiyar kare yara ta Amurka ta buɗe a 2023. Hoton ba ya barin wayar mutum. Wata lamba ce ake ciro masa kamar zanen yatsa, dandalin da suka shiga shirin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, su riƙa tare shi da ita. Ba ya kaiwa ga saƙon sirri na WhatsApp. Raɗe-raɗi dai an yi, ba a hana bakin 'yan mata. Auta ta yi mako guda ba ta zo ba.

Barnawa

Da na ce a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, kakarta ta ce sam. A garin nan in aka ce an kai wane Barnawa, kowa ya san abin da ake nufi. "Jikata ba mahaukaciya ba ce. Gobe wa zai aure ta?" Na gane tsoronta. Ƙasar nan ma sai a 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 wadda ko sunanta na mahaukata ne. In hukuma ta ɗauki shekara sittin da biyar kafin ta canja harshe, ba zan ga laifin tsohuwa ba. Na gaya mata Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma yawancinsu suna nan cikinmu suna zuwa makaranta. Lissafin bai motsa ta ba. Abin da ya motsa ta shi ne da Umma ta gaya mata amsar da yarinyar ta ba ni game da mutuwa.

Likita ya ce ciwon damuwa ne da fargaba. Aka haɗa ta da masaniyar halayyar ɗan'adam, suna zama lokaci-lokaci. Kaka ta ci gaba da tofinta, ba wanda ya hana. Maganar waya kuwa an ja ta. Abba ya so a raba ta da ita har abada. Shawarar da aka ba shi ita ce kar raba ta da waya ya zama hukuncin faɗin gaskiya, don ƙannen ƙawayenta da 'ya'yan 'yan'uwa duk suna kallo, kuma darasin da za su ɗauka shi ne wanda ya faɗa ya rasa wayarsa. Aka tsaya a tsakiya: sabon layi, ba shafi a buɗe ga duniya, ƙarfe tara waya ta koma caji a ɗakin Umma, ta Yayanta ma haka. Shi ne ya fi kowa ƙorafi.

Ta rubuta jarrabawar, ta ci, ko da yake ba kamar yadda aka saba gani daga gare ta ba. Ta ɗan mayar da jiki. Har yanzu in baƙuwar lamba ta kira wayar Umma tashi take ta bar ɗakin. Lalle ta daina gaba ɗaya, ko na sallah ba ta yi wa kowa ba, kuma masaniyar ta ce kar a matsa mata.

Abu ɗaya ta nema da kanta, ta kuma nace: a nemo almajirin. Abba ya ɗauke ta a mota ranar wata Asabar suka tafi makarantar allon da yake, can cikin Rigasa, da sabon yadi da kuɗi a ambulan. Malamin ya ce ai tun bayan abin da ya faru mahaifinsa ya zo ya tafi da shi, an mayar da shi wajen wani malami a wani gari. Ya ba su lambar wani kawun yaron. Sun kira sau da yawa ba ta shiga. Yadin na nan a ɗakin Umma cikin leda, kuma duk Juma'a Auta na karɓar wayar Abba ta sake gwada lambar.